Waya a Aljihun Ɗan Ƙwadago: Sharhi a Kan Dokar Wurin Aiki a Zangon Ankara

A cikin goman ƙarshe na watan azumin bara, sa'ad da teloli ba su san dare ba balle rana, na shiga wani shagon ɗinki a wani lungu na Nima, can bayan kasuwa, domin in karɓi kayan sallar 'yata, sai idona ya faɗa a kan wani tsohon gwangwanin biskit da ke bisa kanta, dab da kujerar mai shagon, wata dattijuwa da kowa ke kira Hajiya. A cikin gwangwanin wayoyi ne guda 6, ɗaya kan ɗaya, wata gilashinta ya tsage, wata an ɗaure bayanta da roba, kuma lokaci-lokaci ɗayarsu takan yi ƙugi, gwangwanin ya amsa, sai ka ga 'yan matan da ke kan kekuna sun ɗago kai tare, kowacce tana tsammanin tata ce, sa'an nan su sunkuya su ci gaba da ɗinki. Ina nan tsaye ƙaramarsu ta taso ta rusuna, ta ce, "Hajiya, don Allah ki yi mini izini in duba wayata, na baro Mma ba ta jin daɗi da safe." Hajiya ba ta ɗaga kai daga leshin da take yankawa ba, ta ce, "Bari a kira azahar, 'yata. Jiya ma haka kika ce, na tarar da ke kina kallon masu rawa." Yarinyar ta koma wurinta ba ta ƙara cewa uffan ba, ni kuwa na fito da ƙunshina a hannu zuciyata ta rabu biyu, gama na ji gaskiya a bakin Hajiya, na kuma ga gaskiya a fuskar yarinyar.

Wannan mas'ala, ko da yake a ido ƙarama ce, ta shiga kowane wurin neman abinci a Nima da Mamobi da sauran zangunan Ankara, babban birnin Gana, tun daga rumfar mai walda da garejin bakanike har zuwa banki da asibiti da gidajen manya na Kanda da Cantonments inda da yawa daga cikin 'yan'uwanmu ke gadi da tuƙi da dafa abinci; kuma tun da malamai suka ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san haƙiƙarsa, ya kamata mu fara da tambayar ko mece ce waya a wurin mutumin zango.

Zango tun asalinsa mazaunin baƙi ne, wato mutanen da jikinsu ke nan, rabin zuciyarsu kuwa na can inda suka baro. Tun zamanin da Malam Bako ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarnin da ya shige, da zamanin da Malam Amadu Futa ya sauka a filin da ya zama Nima a farkon shekarun 1930, jama'ar da suka cika waɗannan unguwanni, Hausawa da Fulani da Zabarmawa da Mosawa da Dagombawa da Kotokoli da Wangarawa, ba su taɓa rabuwa da jiran saƙo ba. Kakanninmu sukan rubuta wasiƙa da ajami su ba fataken goro ko direban babbar mota, har labarin rasuwar uwa ya iso bayan an yi sadakar arba'in. Da kamfanin Mobitel ya kawo wayar hannu ƙasar Gana a 1992, abin attajirai ne da manyan ma'aikata. Daga baya aka yi zamanin rumfunan kira a bakin titi, inda mutum zai biya a buga masa ya yi maganar minti biyu yana kallon agogo. Sai a 2009 kamfanin MTN ya buɗe hanyar aika kuɗi ta waya, wadda kowa ke kira MoMo, a 2018 kuma aka haɗa hanyoyin kamfanoni har kuɗi ya iya tsallakawa daga wannan layi zuwa wancan. Daga ranar nan waya ta tashi daga matsayin abin magana kaɗai, ta zama lalitar talaka, da littafin bashinsa, da shagonsa idan yana da 'yar sana'ar gefe, da hanyarsa ta zuwa Bawku ko Yendi ko Dosso ko Sakkwato. Saboda haka duk maigidan da ya ce wa yaronsa ya ajiye waya, ya sani cewa abin da ya sa shi ajiyewa ya fi abin wasa nauyi ƙwarai, ko da kuwa da wasa ya kama shi.

Amma fa ƙorafin masu gida ba ƙage ba ne, kuma wanda ya raina shi bai taɓa biyan kowa lada daga aljihunsa ba. Na ga yaron shago ya bar mai saye a tsaye yana ta sallama, shi kuwa idonsa na kan gilashi. Na ga samari a garejin gyaran mota, hannu duk baƙin mai, suna bin sakamakon ƙwallon Ingila domin sun zuba kuɗin abincinsu a cacar waya, wadda ta yaɗu har gwamnati ta ɗora wa ribarta harajin kashi 10 cikin 100 a 2023 kafin a soke shi a 2025. Waɗanda suka ƙera abubuwan da ke cikin waya sun ƙera su ne domin su riƙe ido, kuma sun ƙware a sana'arsu; yaro ɗan shekara 18 da aka bari shi kaɗai ya yi kokawa da su, galibi shi ake kayarwa.

A nan ne nake ganin fiƙihu ya riga mu warware rabin matsalar tun kafin a ƙirƙiro wayar. A babin ijara malamai sun raba ɗan ƙwadago gida biyu: akwai wanda aka yi ijarar lokacinsa, kamar mai gadi ko yaron kanti ko akawu, wanda ya cancanci ladansa da zarar ya miƙa kansa ga maigida a cikin sa'o'in da aka yi sharaɗi, ko an sa shi aiki ko ba a sa shi ba, akwai kuma wanda aka yi ijarar aikinsa, kamar tela da maƙeri da marini, wanda ke karɓar aikin mutane da yawa, ba a tambayarsa yadda ya kashe yininsa, sai dai a tambaye shi rigar da ya yi alkawari, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya shi ne ke da lamunin kayan mutane idan suka lalace a hannunsa, kamar yadda kowane almajirin da ya karanta Risala ya sani. To, na farkon, sa'o'insa ba nasa ba ne, ya sayar da su, kuma idan ya kwashe ɗaya daga cikinsu ya ba Facebook ko TikTok, ya ci kuɗin abin da bai bayar ba, wannan kuwa ha'inci ne ko da babu wanda ya gan shi. Na biyun kuwa babu hujjar da za a kafa masa doka a kan wayarsa, illa dai ya cika alkawari ya kuma tsare dukiyar jama'a. Sai dai malaman da suka faɗi haka su ne kuma suka ce lokacin sallar farilla da cin abinci da biyan buƙatar ɗan Adam ba ya shiga cikin abin da aka saya, domin al'ada ta fitar da shi, kuma abin da urfi ya tabbatar daidai yake da abin da aka yi sharaɗinsa da baki. Ni a ganina, a wannan zamani da muke ciki, amsa kiran gida a kan rashin lafiya ko haihuwa ko rasuwa ya shiga sahun waɗannan larurori, ba ya cikin abin da wani maigida zai ce ya saya.

'Yan koyon sana'a, irin 'yan matan Hajiya, sha'aninsu daban ne, kuma shi ne ya fi yawa a zango. Ba a biyansu albashi. Iyayensu ne ma ke biyan kuɗin koyo, su kawo su da hannunsu su ce ga amana, su yi shekara 3 ko fiye kafin a yi bikin yaye su. Mai shago a nan uwa ce ko uba, tarbiyya na cikin abin da aka ɗora masa, don haka ikonsa a kan wayar yaro ya fi na manajan kamfani faɗi, kuma ban ga laifin gwangwanin Hajiya ba daga wannan fuska, musamman ga wanda ya san abin da allurar keke ke yi wa yatsan da mai shi ya waiwaya. Amma wanda ya karɓi matsayin uwa ya karɓi nauyinta duka, kuma babu uwar da za ta so 'yarta ta yini cikin zullumi alhali amsar tana cikin gwangwani taku uku daga inda take zaune.

Dokar ƙasa kuwa, wato Dokar Ƙwadago ta 2003 mai lamba 651, ba ta keɓe wa wayar hannu wani babi ba, amma ta aza harsashin da za a yi gini a kai. Ta ba mai ɗaukar aiki ikon tsara ƙa'idojin wurinsa, ta wajabta wa ma'aikaci bin umarnin da bai saɓa wa doka ba, ta ƙayyade aiki a kan sa'a 8 a yini ko 40 a mako, ta ba da hutun aƙalla minti 30 a cikin yinin da aikinsa ke haɗe, ta kuma ce aikin da zai kai wata 6 sai a rubuta yarjejeniyarsa. Akwai kuma wani hukunci a cikinta da ya kamata a riƙa karanta wa masu kanti da masu gidajen abinci, shi ne cewa an hana maigida cin ma'aikaci tarar kuɗi a kan kowane dalili. Saboda haka al'adar nan ta cewa duk wanda aka kama da waya za a yanke masa sidi kaza daga albashinsa ba ta da gindin zama, kuma wanda aka yi wa haka yana da ƙofar kai ƙara a Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa. Gargaɗi halal ne, maimaita gargaɗi a rubuce halal ne, sallama ma tana da hanyarta idan taurin kai ya tabbata. Amma sa hannu a ladan gumin mutum wani abu ne dabam. Abin baƙin ciki shi ne mafi yawan masu aiki a zango ba su da takarda, da baki aka ɗauke su da baki ake korarsu, dokar kuwa ba ta cika shiga lungun da mota ba ta shiga ba.

Inda rai ke cikin haɗari babu doguwar muhawara. Dokokin hanya na 2012 sun hana direba riƙe waya yana tuƙi, kuma duk wanda ya taɓa zama a gaban trotro, wato motar haya, daga Nima zuwa shataletalen Circle, direba na riƙe da sitiyari da hannu ɗaya yana faɗa da wani a waya, ya san dalilin dokar ba sai an fassara masa ba. Haka mai walda, haka mai hawa bene da bulo a ka, haka mai jinyar da ke auna magani. Sai dai zamani ya zo da wani rikici, domin tun da Uber ya shigo Ankara a 2016, Bolt da Yango suka biyo baya, an sami dubban matasa waɗanda wayar ce maigidansu, ita ke ba su aiki, ita ke nuna musu hanya, ita ke ƙirga musu lada, ita ce kuma ke matsa musu su amsa kira cikin daƙiƙu alhali suna tsakiyar titi. Ga waɗannan, cewa a ajiye waya daidai yake da cewa a ajiye aiki, abin da ya rage kawai a kafe ta a mazauninta, a tsaya gefe kafin a taɓa ta.

Sai batun sirri, wanda kaifi biyu gare shi. Wayar yau tana da ido da kunne, kuma ma'aikacin banki ko na asibiti ko wakilin MoMo da ke ƙarƙashin lema mai ruwan ɗorawa yana ganin lambobin mutane da kuɗinsu da cututtukansu, abubuwan da Dokar Kare Bayanai ta 2012 ta sa tsaronsu a wuyan masu riƙe da su. Mai aikin gida kuma yana ganin ɗakin kwanan maigidansa da 'ya'yansa. Ɗaukar hoton waɗannan a watsa cin amana ne tsantsa, kuma doka mai tsanani a kansa adalci ce. Amma kaifin na biyu yana fuskantar maigida: karɓar waya a ajiye abu ne, buɗe ta a karanta saƙonnin mai ita wani abu ne, gama tsarin mulkin Gana na 1992 ya tsare wa kowa sirrin wasiƙunsa da maganganunsa, addini kuma ya haramta tajassusi, wato binciken sirrin mutane, tun kafin nan. Na sha jin uwar ɗaki tana cewa ta duba wayar yarinyarta don ta kare ta daga samari. Niyya ce mai kyau, amma idan akwai tsoro na gaskiya, iyayen da suka kawo ta suna nan, su ya kamata a kira.

Abin da ya fi damuna a cikin wannan sha'ani duka, wanda kuma ba a cika faɗinsa ba domin masu kafa doka su ne masu aikata shi, shi ne cewa dokar waya a wurare da yawa gefe ɗaya take ci. Akwai wani dattijo maƙwabcina a Mamobi, wanda ya shekara fiye da 20 yana gadin dare, daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe, a ƙarƙashin wani kamfanin tsaro da ba zan ambata ba. Ya gaya mini an hana su taɓa waya a bakin aiki, amma da wannan wayar tasa, wadda ya saya da kuɗinsa yake kuma sa mata kati da kuɗinsa, shugabansu ke kiransa ƙarfe 2 na dare don ya ji ko ya yi barci, da ita kuma ake tashinsa da rana tsaka, yana cikin ɗan barcin da ya samu, a ce wani bai zo ba ya fito ya rufe gurbi. Ya ce mini, "Malam, in na kira gida laifi ne, in ban amsa nasu ba laifi ne, to wayar nan ta wace ce?" Ban sami abin ce masa ba. Haka malaman makarantu masu zaman kansu da ma'aikatan ofis ke fama da zaurukan WhatsApp na wurin aiki, inda umarni ke sauka bayan sallar isha'i da ranar hutu, kuma a ɗauki wanda bai amsa ba a matsayin mai raini. Wasu ƙasashe sun ga wannan zalunci har sun yi masa doka: a Faransa tun farkon 2017 aka wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su zauna da ma'aikatansu a tsara lokacin da mutum ke da haƙƙin rufe wayarsa, Ostareliya ma ta bi sahu a 2024. Mu ba ma sai mun je nesa ba, ƙa'idar ijara ta ishe mu: wanda ya sayi sa'a 8, sa'a 8 ke gare shi, kuma idan yana ƙyashin minti 5 da yaronsa ya ɗauka daga cikinsu, to ya ji kunyar sa'a guda da shi yake ɗauka daga daren yaron ba tare da lada ba.

Mafi rauni a cikin kowa su ne 'yan matan arewa da ke aikin gida, waɗanda wurin aikinsu shi ne wurin kwanansu, ba su da lokacin tashi balle a ce ga sa'ar da waya ta halatta. An yi musu ƙa'idoji na musamman a 2020, amma ƙofar gida a rufe take, kuma idan uwar ɗaki ta karɓe wayar irin wannan yarinya ta kulle a akwati, ta yanke igiya ɗaya tak da ke tsakaninta da mutanenta, wadda da ita za ta nemi agaji ranar da aka cuce ta. Wannan ba horo ba ne, tsarewa ce, kuma ya kamata limamanmu da sarakunan zango su ambace shi da sunansa a kan mumbari da a fada.

Da na auna waɗannan duka, sai na ga abin da ke sa doka ta zauna lafiya a zukata ba sassaucinta ba ne, sanin iyakarta ne. Dubi masallaci: daga babban masallacin ƙasa na Kanda har zuwa ƙaramin masallacin lungu, ana roƙon jama'a su kashe waya, kuma matashin da ke jayayya da maigidansa a kan wannan batu shi ne zai kashe tasa a bakin ƙofa ba tare da gunaguni ba, saboda ya san dalili, ya san lokacin da za a idar, ya kuma ga liman ma ya kashe tasa. Da za a faɗa wa yaro sharaɗin tun ranar da aka kawo shi, a gaban waliyyinsa, a gaya masa lokutan da zai karɓi wayarsa, a buɗe wata ƙofa da labarin gaggawa zai shigo ta cikinta, manya kuma su bi abin da suka shimfiɗa wa ƙanana, da rabin rigimar da ake yi a shagunanmu ba ta taso ba.

Bayan salla da kwana biyu na koma shagon Hajiya don a rage wa rigar 'yata tsawo, na tarar gwangwanin na nan inda yake, amma a gefensa an rataye wata ƙaramar waya mai maɓallai, irin wadda samarin Ankara ke kira "yam", wato doya. Na tambayi Hajiya, ta ce ranar nan da aka buɗe gwangwani da azahar, yarinyar ta sami kira 7 daga ƙaninta, an riga an kai mahaifiyarsu asibiti tun hantsi, ciwon hawan jini ne, Allah Ya sa ta sami sauƙi. Ta ce a daren ba ta runtsa ba. Washegari ta aika Circle aka sayo wannan, ta rubuta lambarta a 'yan takardu ta ba kowace yarinya ta kai gida, da sharaɗin ba a kiranta sai da dalili, kuma duk wadda ta fi kusa ita za ta ɗauka. Na ce, "To, Hajiya, sau nawa ta yi ƙara tun da aka rataye ta?" Ta ɗan yi lissafi da yatsu tana riƙe da almakashi, ta ce sau biyu, ɗaya haihuwa ce, ɗayan kuma wata tsohuwa ce daga Bawku da ta ce ita dai muryar jikarta take so ta ji, ta kuwa miƙa wa yarinyar ta ce ta fita waje su gaisa.